Shi Tabarma, Ni Adaka

Ran Talatar da ta wuce na lallaɓa kasuwa neman man zafi saboda gwiwa, sai ƙafa ta kai ni inda ta saba. Tsamiyar ba ta nan. An sare ta an kafa rumfar kwano, janareta na ta ɓaɓatu, wasu samari na zaune gaban kwamfuta suna tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da finafinai a waya. Na yi sallama, ɗayansu ya ɗago ya ce, "Baba, caji ko turi?" Na ce ko ɗaya. Na gaya masa daidai inda ya ɗora ƙafarsa, nan muke shimfiɗa littattafai tun ubansa bai san hanyar kasuwa ba. Ya ce Allah sarki. Sai na tambaye shi, duk abin nan da yake tura wa jama'a, yana saurara kafin ya ba su? Ya yi dariya har da dukan cinya. "Haba Baba, in na tsaya saurare yaushe zan ci abinci? Abin da anka ce in tura, shi nika turawa." Na juya ban ko sayi man zafin ba. Maganar taubashina ce sak, a wurin da ya saba faɗinta, ga shi ko ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba a nan, kuma in kun bi ni za ku ga dalili.

Mu biyu muka tashi hannun tsohon da ya koya mana sana'ar. A wurina tsohon ƙanin mahaifina ne, shi kuwa taubashin nawa ɗan ƙanwarsa ne. Kun ga ke nan ni Baffana ne, shi Kawunsa. Amma da yake bakin ɗan mace ya fi nawa kaifi, ya yi ta Kawu, Kawu, har duk kasuwa ta ɗauka, daga Mafara har Bakura da Maradun, ƙarshe ni ma na bi sahu ina kiran ƙanin ubana Kawu. Daga nan ya fara ƙwace mini abu. Allah bai ba tsohon ɗa namiji ba, kowa kuwa ya san wata rana ɗayanmu ne zai gaji tabarmar da gindin tsamiyar. Ni na sa rai, kuma ban ga wanda zai ce ban cancanta ba. Ni ke riga kowa zuwa in share wurin in yayyafa ruwa. Ni ke ɗora duwatsu kan littattafai don kada iska ta watsa su, in kore awaki, in shanya waɗanda sanyin damina ya kama, in bi bango ina neman hanyar gara. Na addini ba su taɓa ƙasa, suna bisa benci a kan buzu, kuma ba a taɓa su sai da alwala. Na labarai da waƙoƙi, na ajami da na boko, su ke kan tabarma. Har yau in na rufe ido ina jin warin sabuwar takarda in an kwance ɗauri daga mota, haɗe da ƙaurin tsire da kukan jakuna da kiran masu fura. Taubashina kuwa sai rana ta ɗaga zai iso, hula a karkace, yana gaisawa da kowa tun daga bakin kasuwa, lafiyar gida, lafiyar iyali, ya gajiya, ya ruwa, kamar shi ya haifi garin. Kawu ya buɗe baki zai yi faɗa, shi kuwa ya jefa wata magana, sai ka ga gemun tsoho na rawa don dariya. Ni ban taɓa ba Kawu dariya ba, ko sau ɗaya.

Murya Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. In ya ɗauki littafi ya tsaya gindin tsamiya ya fara karantawa da ƙarfi, sai ka ga mai albasa ya bar buhunsa, Fulani sun jingina da sanduna, wanzami ya bar kan mutum rabi a aske. Ya iya muryar tsohuwa, ya iya ta sarki, ya iya ta ɓarawo. In ya kai inda labari ya yi daɗi sai ya rufe littafin ya ce, "Sauran na ciki." Nan take a yi ta miƙo hannu. Ni in na karanta, ko kajin gidanmu ba su tsayawa. Kishi nake yi da shi, ban ɓoye ba, kuma ba yau na fara faɗa ba. Ban taɓa roƙon Allah ya ƙwace masa ba, amma ban iya ƙirga ranakun da na koma gida zuciyata na tafasa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni na yi ta kai taki gonar taubashina har na tsufa.

Kawu yana da wata al'ada da ban taɓa ganin wani mai littattafai da ita ba. Shi yana kiranta ɗanɗano. Yakan ce mai miya ba ta kai wa baƙi sai ta ɗanɗana gishiri. Duk sabon littafin da ya zo, ba ya hawa tabarma sai an karanta masa shi daga farko har ƙarshe. Bayan la'asar za mu zauna a zaure, shi a kishingiɗe yana jan carbi, don idonsa bai saba da boko ba, taubashina na karatu, ni ina gyara waɗanda bangonsu ya ɓalle da zare da allura. In an gama, in abin ya yi masa, sai ya ce, "Tabarma." In bai yi ba, sai ya nuna ɗakinsa da haɓa. A can akwai wata adaka ta ƙarfe, koriya, fentinta ya kwaile, makullinta na rataye a wuyansa. Abin da ya shiga cikinta ya shiga ke nan. Ba ya sayarwa, ba ya mayar wa dillali don kada a kai wa wani, kuma ba ya ƙonewa. Asarar a kansa take ƙarewa, bai taɓa ƙorafi ba.

Kada ku ɗauka matsoraci ne. An taɓa kawo wata waƙa da ta yi kaca-kaca da masu tauye mudu da manyan da ke cin gonakin talakawa, har wani mai faɗa-a-ji ya aiko a ce masa ya ɗauke ta daga tabarma. Kawu ya matso da ita gaba, ya ɗora mata dutse mafi girma. Ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe shi. In ƙarya anka yi mai, shi rubuta tashi, ita ma in ɗora ta nan kusa da wagga."

Wata shekara, bayan ruwan madatsar Bakolori ya fara bin magudanai, shinkafa da alkama da albasa sun yi yawa, kuɗi ya shiga hannun mutane, sauro ma ya samu gidan zama, sai aka kawo wani ɗan littafi siriri mai jan bango. Bayani ne wai na yadda ake gane maye. Taubashina ya karanta shi da wata murya mai sa tsikar jiki tashi. Wai maye idonsa ja ne. Wai yana son zama shi kaɗai, yana magana ba da kowa ba. Wai yana yawan ba yaran mutane abin taɓawa don ya kama kurwarsu. Kawu ya daina jan carbi tun ba a kai rabi ba. Da aka gama ya nuna ɗaki da haɓa.

Taubashina ya ce, "Kawu, wanga fa in munka shimfiɗa shi, kafin azahar ya ƙare."

"Na sani. Shi ya sa."

"To mu su wane ne da za mu rufe bakin mutum? Ya rubuta abinai, mai saye na da hankalinai. Maƙeri na sai da wuƙa kullum, in anka yi yanka ba shi aka kamawa ba. Ni dillali na, ba alƙali ba."

Kawu ya ce, "Maƙeri bai rubuta kamannin wanda za a soka bisa wuƙa ba. Kuma ban rufe bakin kowa ba. Shi hau tudu shi faɗi abin da ya ga dama. Jakina na dai ban ba shi aro."

Ni kuwa na ga dama ta samu, na ce yau zan shiga ran tsoho. Na ce, "Kawu, a ba ni su in cinna musu wuta, kowa ya huta." Wallahi da na sani da na yi shiru. Ya juyo ya dube ni kamar ni na rubuta littafin. "Kai wa ya naɗa ka? Hannun da ya saba ƙona maganar mutane ba shi tsayawa ga ta banza. Gobe ta ƙwarai za shi ƙonawa don ta ɓata mai rai." Ka ji fa. Wanda ya yi gardama an amsa masa da lalama, ni da na goyi baya na sha faɗa. Taubashina ya kashe mini ido ɗaya, ya ɗauki ɗaurin da kansa ya kai adaka yana ƙunshe dariya.

Bai taɓa adakar ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. Sai dai ya tare dillalin a tasha ya karɓi wani ɗaurin na kansa. A lokacin kurkunu ya kama Kawu a ƙafa, ya yi makonni ba ya fita, mu ke bin kasuwanni a keke. Ranar kasuwar Bakura muna gama shimfiɗa kaya sai na ga jan bango na fitowa daga cikin rigarsa. Na ce, "Ɗan mace, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Malam A'a, riƙe mini keke." Sunan da ya laƙa mini ke nan, kuma ya bi ni har yau. Ya hau kan turmi ya fara karatu. Ban taɓa ganin cincirindo irin na ranar ba. Kafin azahar babu ko ɗaya, kamar yadda ya faɗa. Muna komawa Mafara na wuce kai tsaye na gaya wa Kawu, kuma ban ɗauki wannan tsegumi ba. Tsoho ya kira shi ya yi masa faɗa sosai, shi kuwa ya durƙusa ya yi ta tuba, yana yi yana kwaikwayon yadda na tsaya riƙe da keke baki a tunzure. Na ga Kawu ya kau da kai yana tari, na san tarin na ɓoye dariya ne.

Kusa da inda muke shimfiɗa tabarma a Bakura akwai wata tsohuwa mai daddawa, daga wani ƙauye take zuwa da ƙafa. Inna muke ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun mutu tun suna ƙanana sai mace ɗaya da ke aure a Maradun. Idonta jawur saboda hayaƙin dafa kalwa, don kowa ya san kalwa ba ta nuna da wutar wasa. Tana yawan gunaguni ita kaɗai in tana jera kaya, kamar yadda duk wanda ya daɗe ba shi da abokin hira yake yi. Kuma ba ta iya ganin yaro ta ƙyale shi, sai ta kwance bakin zane ta ba shi gyaɗa ko ƙuli. Mu ma da gemunmu ta sha ba mu. Ni ban haɗa ta da littafin ba, shi ma na tabbata bai haɗa ba.

Da damina ta ja baya zazzaɓi ya shiga ƙauyensu ya riƙa kwasar yara. Wani da ya yi ajin yaƙi da jahilci ya fito da ɗan jan littafin ya karanta wa mutane a dandali. Ku 'yan yanzu ba za ku gane girman takarda a wancan zamani ba. Mutanenmu sun taso suna ganin rubutu a allo da littafin malam, ko guntun takarda suka gani a ƙasa sai sun ɗauka sun soke a danga. A wurinsu abin da inji ya buga ba ya ƙarya. Da a baki wani ya faɗa, da an samu mai cewa kai tafi can. Amma ga shi a rubuce, alama bayan alama, kuma duk suna jikin mace ɗaya. Suka je suka fito da ita daga ɗakinta, suka tuɓe mata ɗankwali da mayafi gaban jikokin sa'o'inta, suka tilasta mata tsallaka wani yaro da ke kwance, wai ta saki kurwarsa. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen daddawarta. Wa zai sa abin hannun mayya a miya? An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, na gan su da idona.

Mun ga wurinta fayau kasuwa bayan kasuwa, har wata mai kuka da kuɓewa ta ba mu labari murya ƙasa-ƙasa. Na dubi taubashina, na ga fuskarsa ta yi fari fat. Ni kuwa, Allah ya sani na tausaya wa Inna har cikin raina, amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani abu da ke cewa, to yau dai Kawu zai san wane ne ɗa. Na ɗauka tabarma ta zama tawa.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce a ɗora shi a keke da ƙafarsa mai ciwo. Muka je ƙauyen, ya nemi liman da dattawa, ya je har ƙofar Inna ya durƙusa, tsoho da furfurarsa. Ya roƙe ta ta zo kasuwa mai zuwa da daddawarta. Sannan ya ce wa taubashina, "Bakin da ya kunna ta, shi za ya kashe ta."

Ranar kasuwa ta zo. Inna na zaune gaban faifanta, kai a sunkuye, mutane na ratsewa nesa da ita. Taubashina ya miƙo mini keke ya ce in riƙe, ya hau turmin nan dai, ya zaro jan littafin. Jama'a suka taru suna zaton ci gaban labari ne. Ya karanta, "Maye idonai ja na." Sai ya waiga ya nuna maƙerin kasuwa. "Sarkin maƙera, buɗe ido mu gani. Subhanallahi! Ku kama shi!" Aka fashe da dariya. Ya nuna mai tuyar ƙosai, ya nuna mai tsire, ya nuna Kawu da karatun fitila ya cinye wa ido. Ya karanta, "Maye na magana shi kaɗai." Ya ce, "Duk wanda bai taɓa zagin tsuntsaye shi kaɗai cikin gonar shinkafa ba, shi ɗaga hannu." Ba wanda ya ɗaga. Ya karanta ta ba yara abin taɓawa, ya ce to kowa ya tafi gida ya kamo kakarsa. Kasuwa ta kaure, har da masu riƙe ciki. Sai ya sauko ya tsuguna gaban Inna, ya ɗauki daddawa guda ɗanya ya jefa a baki. Wanda ya san daddawa ya san abin da nake faɗa. Ya tauna, ya ƙara wata, hawaye na zuba, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya miƙe ya buɗe su da yatsu ya ce, "To jama'a, ga wani mayen ya ƙaru!" Kafin la'asar faifan Inna ya zama wayam, mutane na ɗaga taubashina sama suna sa masa albarka.

Ni ina gefe riƙe da keke, kuma na lura da abu biyu da ban ji wani ya ƙara ambata ba. Inna ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Sannan a duk maganarsa bai ce ni na kawo muku shi ba. Cewa ya yi, wata takardar banza da ke yawo. Waɗanda suka saya a hannunsa suna wurin, amma dariya ta wanke musu kai. Ita kuwa Inna kasuwar ranar ce kawai. A ƙauyensu an daina jifanta da magana, amma uwaye ba su daina janye yaransu ba in ta gifta. Magana zarar bunu ce. Kafin wata daminar ta tattara ta koma wurin 'yarta a Maradun, can ta ƙarasa kwanakinta.

Da ƙarfin Kawu ya ƙare sai ya kira mu zaure. Ya ce taubashina ya riƙe tabarma da gindin tsamiya. Ya ciro makulli daga wuyansa ya miƙo mini. Ya ce daga yau ni ne mai ɗanɗano, abin da na ce adaka, adaka. Na karɓi makullin. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Na ce, "Baffa," don ranar na tuna sunansa na gaskiya a wurina, "shi da ya yi ɓarna shi ka ba kasuwa, ni da ban taɓa saɓa maka ba ka ba ni akwatin shara?"

Ya ce, "Kasuwa na sonai. Ba ni na sa ba."

"Ni fa?"

"Kai ka iya riƙo."

Shi ke nan abin da na samu. Na jira ya ƙara ko kalma ɗaya, sai ya juya ya ce wa taubashina ya gyara masa matashi.

Haka muka rayu. Shi ke sayarwa, ni ke hanawa. Shi ake yi wa godiya in littafi ya yi daɗi, ni ake zagi in an nemi wani an rasa. Dillalai in sun hango ni sai su ɓata rai. Wani marubuci ya taɓa zuwa har ƙofar gidana ya ce ni maƙiyin ilimi ne, ni ke danne bakin talaka. Na ce masa ga hanya nan, ya kai wa wani. Na kwana ina juya maganarsa, don ba kullum nake da tabbacin na yi daidai ba, kuma wataƙila akwai abin da na kulle wanda bai cancanci kulle ba. Taubashina bai taɓa rasa barci kan irin wannan ba. Ya yi shago, ya je Makka, ya zama Alhaji, ana kiransa raba gardama da ɗaurin aure. Da kaset ya shigo sai ya daina tambayata ma, ya ce Kawu littafi ya ce, bai ce kaset ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu kuwa ina tabarmar, ina adakar? Jikata na zaune a tsakar gida magana za ta faɗo mata a waya daga inda ba ta sani ba, ta tura wa mutum ɗari kafin tuwo ya nuna, ta rubuta a ƙasa wai kamar yadda aka turo mata. Ba na cewa duk sharri ne. Na ga talakan da aka zalunta ya yi magana a waya an ji shi har birni, abin da a zamaninmu sai dai ya haɗiye ya mutu da shi. Amma na ga an ɗora hoton bawan Allah an ce ɓarawo ne ko ɗan leƙen asirin 'yan daji, kafin a bincika an gama da shi. Ba mai ɗanɗano, ba wanda za a je a ɗora a keke ya durƙusa a ƙofar wani. Su ma yaran nan kishinsu nake ji, in gaya muku gaskiya. Suna turawa su yi barcinsu har da minshari.

Da ciwon ajali ya kwantar da taubashina na je duba shi. Ya rame, muryar nan ta koma kamar ta ɗan tsako, amma tsiyar na nan. Ya ce, "Malam A'a, adakar na nan?" Na ce tana ƙarƙashin gadona. "Ba ka ƙone ba?" Na ce a'a. "Ba ka sayar ba?" Na ce a'a. Ya yi murmushi ya ce, "Ni da tuni na sayar." Na ce na sani. Ya ce, "Kawu ma ya sani." Na so in ji daɗin maganar, amma abin da ya fara zo mini shi ne, kai, ko a bakin kabari ya fi ni iya magana.

Jana'izarsa ta cika har ban samu inda zan sa kafaɗa a makara ba. Ranar addu'ar uku muna zaune a ƙofar gida sai ga wani magidanci, ɗan kasuwar shinkafa, ya taso tun daga Maradun, a wannan zamani da bin hanyar sai da addu'a. Ya gaisa da kowa, ya yi ta'aziyya, sannan ya ce shi bai taɓa ganin marigayi ba, amma a gidansu da sunansa suka tashi. Ya ce kakarsa mai daddawa ce, an taɓa yi mata ƙazafin maita, duniya ta guje ta, sai wani mai littattafai ya hau turmi a kasuwar Bakura ya wanke ta, har ya ci daddawarta ɗanya gaban jama'a. Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu ba ta sallame salla ba ta yi masa addu'a ba. 'Ya'yan taubashina suka fashe da kuka, ana ta Allahu akbar.

Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Duk wurin ni kaɗai na rage da ya san daga rigar wa jan littafin ya fito. Gaskiya ce, kuma ba mai ikon hana ni faɗinta. Na yi shekaru ina jiran ranar da za a auna mu a gaban mutane. Sai na ji kaina ina yin abin da na yi duk rayuwata, ina ɗanɗanawa. Wanda zan taɓa ba shi da bakin ramawa. Ga marayu na kuka. Ga bawan Allah ya ratso daji da abu ɗaya mai daɗi da ya rage a labarin kakarsa. Na haɗiye, ya wuce da ƙyar kamar ɗanyar daddawa. Na ce, "Allah shi jiƙanai."

Mutumin ya juyo ya dube ni. Aka gaya masa ai wannan taubashinsa ne, tare suka yi sana'a. Ya matso ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Ashe Baba kana wurin ranar! Kai mi kaka yi sa'ad da shika bisa turmin?"

Na ce, "Ni na riƙe mai keke."